Yadda ake sayen karsanar gasa a gwanjon masu kiwon Shorthorn

Wanda ya saba da kara irin ta Wudil ko Maigatari ko Potiskum, inda za ka ja dillali gefe ka taya a ce albarka ka ƙara a sallama, ranar da ya fara shiga gwanjon shanun Shorthorn a Amurka sai kansa ya ɗaure. Nan babu tayi babu ja-in-ja, za a koro karsana cikin wani ɗan fili da aka zuba wa garin katako, mai gwanjo yana zubo lambobi ba ya ko haɗiye yawu, kafin minti biyu an buga guduma an koro ta gaba. To duk dabarar mai saye ba a cikin minti biyun nan take ba, tana cikin satittikan da suka gabace su. Ni a jihar Indiyana nake zaune, kuma 'yata ce ta ja ni cikin harkar gasar nuna shanu, inda alƙali ke duba ƙirar dabba da tafiyarta, da ta shiga ƙungiyar yara manoma ta 4-H, zuwa yanzu karsana uku muka saya, don haka abin da zan faɗa abu ne da na taɓa da hannuna.

Da farko dai ka san wace saniya ake magana. Shorthorn ɗin nan ba ita ce muturu ba, don na ji 'yan'uwa da suka yi karatun dabbobi a gida suna haɗa su saboda a littattafai ana kiran muturu da sunan gajeren ƙaho na Afirka ta Yamma, ma'anar Shorthorn kenan da Turanci, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan asalinta arewa maso gabashin Ingila ne, wajen kogin Tees a yankin Durham, inda wasu 'yan'uwa biyu Charles da Robert Colling suka gyara irin a ƙarshen ƙarni na 18. Littafin rajistar asalinta ya fito tun 1822, kuma ta shigo Amurka a 1783. Ba ta da tozo, launinta uku ne, ja da fari da kuma wanda jan gashi da farin gashi suka cakuɗe, shi ne suke ce wa ron. In aka haɗa ja da fara ron ake samu, in kuma aka haɗa ron da ron to ana sa ran rabi su fito ron, kashi ɗaya cikin huɗu ja, kashi ɗaya fari. Masu saye da yawa ron ke ɗauke musu hankali kuma suna ƙara kuɗi saboda ita, amma alƙalin gasa na ƙwarai ba launi yake dubawa ba.

Mataki na farko kafin ka buɗe katalog ɗin kowa, zauna da yaron da zai ja karsanar ku yanke wace gasa kuke so. Akwai ta ƙaramar hukuma da ake yi da bazara, akwai ta jiha, akwai ta yara ta ƙasa baki ɗaya ta Shorthorn da ake yi wajen watan Yuni tana zagaya jihohi, sai manya irin ta Louisville a Kentaki a watan Nuwamba da ta Denver da ta Oklahoma a Janairu. Karsanar da za ta yi abin kirki a ƙaramar hukuma ba lallai ta kai ko'ina a Louisville ba, kuma ba dole ba ne ka biya kuɗin ta Louisville in a garinku kawai za ku tsaya. Sannan kowace gasa tana da ranar da dole a ce dabbar ta riga ta zama mallakin yaron a takarda, ka nemo wannan ranar ka rubuta ta, don in ka makara da kwana ɗaya babu mai sauraron uzurinka.

Ana raba aji ne da ranar haihuwa, 'yan Janairu da Fabrairu tare, 'yan Maris da Afrilu tare, haka dai. Saboda haka karsanar da aka haifa farkon ajinta takan fi takwarorinta girma ranar gasa, wadda aka haifa ƙarshen aji kuma sai ta zama ƙanwar kowa. In yaron ƙarami ne, ɗan shekara 9 ko 10, ni shawarata a nemo masa 'yar Afrilu ko Mayu, ƙarama wadda zai iya riƙewa, kar a haɗa shi da gandamemiya ta ja shi a ƙasa ya tsani harkar tun ranar farko.

Sai maganar jini. Ƙungiyar masu Shorthorn ta Amurka da ke Kansas Siti tana ɗaukar dabba a matsayin tsantsa in jininta ya kai kashi 15 cikin 16, wadda ba ta kai ba tana shiga wata rajista da ake kira ShorthornPlus kuma ajinta daban a gasa. A gwanjo ɗaya za ka ga duka biyun an jera su, wasu baƙaƙe ma saboda an surka da Angus ko wani iri. Ba laifi ba ne sayen Plus, amma ka san abin da ka saya, kar ka je gida da zaton tsantsa ce.

Kuɗi kuma, dan Allah kar ka lissafa farashin karsana kaɗai. Akwai abincin wata takwas zuwa shekara, akwai injin busar da gashi, fanka, ragama, sandar tsayar da ƙafa, gyaran kofato, likita, kuɗin shiga gasa, man mota da ɗakin kwana. A ce dala 6,000 ka ware gaba ɗaya, to kar ka wuce 3,500 wajen sayen, sauran na hidima ne kuma za su tafi. A irin wannan gwanjo za ka ga wadda ta tafi a 'yan dubbai kaɗan ka ga wadda ta haura dubu goma-goma, kuma sau da yawa uba ɗaya ne ya haife su.

Yawancin gwanjon karsanan gasa da kaka ake yinsa, daga Satumba zuwa Disamba lokacin da aka yaye maruƙan da aka haifa farkon shekara, sai kuma wasu a Maris. Mai garke zai fitar da katalog sati biyu ko uku kafin ranar, da hotuna da bidiyo. Nemi katalog na garke uku ko huɗu da za ka iya kaiwa a mota, kusanci na da amfani sosai, zan dawo kan wannan.

Karanta katalog kuwa sai an nutsu. Kowace karsana tana da lamba, ƙarƙashinta ranar haihuwa, lambar rajista, zanen da aka yi mata a cikin kunne, sai jerin iyaye da kakanni. In ka ga harafin x a gaban lambar rajista to marar ƙaho ce tun haihuwa, in babu to mai ƙaho ce ko an cire mata. Sai wasu lambobi da ake kira EPD, waɗanda ke hasashen yadda 'ya'yanta za su kasance in an kwatanta da na sauran shanu. Masu harkar gasa da yawa ba sa kallonsu, ni kuwa ina kallon guda uku, sauƙin haihuwa da nauyin ɗa ranar haihuwa da kuma nono, saboda gasar shekara ɗaya ce ko biyu amma saniyar za ta iya shekara goma tana haihuwa a hannunka, kuma wasu dangogin Shorthorn na gasa an san su da haifar manyan maruƙa masu wahalar fita.

Abin da ya fi komai muhimmanci a shafin shi ne wasu 'yan haruffa da mutum zai iya tsallakewa bai lura ba, TH da PHA da DS. Cututtukan gado ne. TH maraƙi ake haifa ƙashin ƙwaurinsa na baya bai cika ba ko babu shi sam, ƙafafu a murɗe, cibiya a ɓalle, ba ya rayuwa. PHA kuma huhun ɗan ne ba ya girma, jikinsa ya kumbura da ruwa tun a ciki har ya kasa fitowa, wani lokaci sai an yi wa uwar tiyata, wani lokaci a rasa ta. DS matsalar ƙafa ce wajen kofato. In ka ga F a bayan haruffan, kamar THF, an gwada ba ta ɗauke da shi, in ka ga C kamar THC to tana ɗauke da shi a ɓoye. Mai ɗauke da shi lafiyarta lau, tana ci tana girma, har ma masu kiwo da yawa na cewa irinsu sukan fi gashi da kaurin ƙashi shi ya sa abin ya yaɗu a shanun gasa. Matsalar sai ranar barbara, in aka haɗa ta da bijimin da shi ma yake ɗauke da shi, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Ana iya sayenta in ta yi maka kuma farashin ya sauka, da sharaɗin har abada sai bijimi mai F. Amma in katalog bai rubuta komai ba, kira ka tambaya, in aka fara yi maka kwana-kwana ka tsallake ta.

Duba kuma ko tagwaye ce. Karsanar da aka haifa tagwaye da namiji, kusan tara cikin goma ba sa haihuwa. Akwai gwajin jini da ke tabbatarwa, ka nemi a nuna maka sakamakon.

Sai shafin sharuɗɗa, wanda yake can farkon katalog da ƙananan rubutu. Nan za ka ga ko mai garke ya riƙe wa kansa wani haƙƙi, misali ya ce yana da damar ɗibar ƙwayayen haihuwa daga jikinta sau ɗaya ko biyu nan gaba don ya dasa a wasu shanu, ko ya ce rabin mallaka kawai yake sayarwa. Ba zamba ba ce, haka harkar take, kuma in ya riƙe haƙƙi alama ce yana ganin darajarta, amma ka tambaya yaushe za a ɗiba, wa zai biya likita, wa zai kai ta. Ka duba me ya yi alkawari in ta ƙi ɗaukar ciki. Kuma kusan kowane katalog yana cewa abin da aka sanar da baki ranar gwanjo ya shafe abin da aka buga, sannan da zarar an buga guduma dabbar ta koma wuyan mai saye.

Yanzu ka zaɓi biyar ko shida ka sa musu alama, ka kira mai garken ka ce kana son zuwa gani kafin ranar. Wannan matakin shi ne wanda ba na yafewa. Karsanarmu ta farko a bidiyo na saye ta, daga wani garke mai nisa da ba zan ambata ba, bidiyon daƙiƙa talatin ne tana tafiya cikin ciyawa mai tsawo da ta rufe ƙafafunta, gashi an wanke an busar an aske ta kamar an zana. Da ta iso muka wanke ta gashin ya kwanta sai ga ƙafar baya a miƙe kamar turke, taku gajere, da ta ƙara nauyi gwiwar ta fara kumbura. Yarinyar ta yi wata bakwai tana tashi da asuba tana wanke ta tana ciyar da ita, ranar gasa alƙali ya yabi kyan gabanta ya ce amma tafiyarta ce ta mayar da ita ƙarshen layi. Na ga hawayen yarinyar nan kuma na san ba laifinta ba ne, cinikin biri a sama na yi.

In ka isa garken ka roƙi a sako maka ita a fili mai tauri, kan tsakuwa ko siminti ko busasshiyar ƙasa, ba cikin ciyawa ba, kuma ba a ɗaure ba. Ka fara daga ƙasa. Kofato biyun kowace ƙafa su zama daidai da juna, manya, suna kallon gaba, dunduniya da tsawo. Sai ka tsaya a gefe a kora ta a hankali ka kalli inda ƙafar baya ke sauka, mai kyau tana taka daidai sawun da ƙafar gaba ta bari ko dab da shi. In tana sauka can baya da tazara, ko kana jin wani ƙas-ƙas a gaɓoɓinta, ko bayanta na gantsarewa sama in tana tafiya, to akwai matsala kuma nauyi zai ƙara ta ne ba zai rage ba. Gwiwar baya ta kasance da ɗan lanƙwasa mai laushi, kar ta miƙe sosai kar kuma ta shige ƙarƙashin ciki kamar lauje. Koma bayanta ka kalle ta tana tafiya tana ba ka baya, ƙafafun su sauka a buɗe kar su riƙa gogar juna. Abinci na gyara rama, almakashi na gyara gashi, amma ƙafa yadda Allah ya halicce ta haka za ta tafi da ita.

In ƙafa ta yi sai ka hau sama. Ana son haƙarƙari mai faɗi da zurfi, ciki ya sauka har wajen mara, gadon baya a miƙe, kuturi mai tsawo wanda bai zube ba, gindin wutsiya ya zauna lafiya. Gaba kuma ya nuna mace ce, wuya dogo siriri, kafaɗa ta kwanta cikin jiki, ƙirji ba tarin kitse da fata. Kuma ka sa hannu, wallahi ka sa hannu, don gashin sanyi na Shorthorn in gwani ya gyara shi yana cike rami ya ɓoye ƙashi. Shafa gadon bayan, danna bayan kafaɗa ka ji ko akwai rami, shafa cinya ka ji nama ne ko gashi. Wadda ta yi ƙiba sosai tun tana wata bakwai ka yi hattara da ita, an riga an tura ta, kitse kan taru a hantsa ya rage mata nono nan gaba, ni na fi son wadda take da ɗan sauran wuri da zan cike da kaina. Leƙa ƙarƙashi ka ga kan nono huɗu ne ƙanana a jere. Duba fata ko akwai makero ko ƙuraje, duba ido da hanci, saurari numfashinta bayan ta zagaya.

Daga nan ka ce a nuna maka uwarta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, hantsar uwa da ƙafarta da yadda ta riƙe jikinta a makiyaya su ne hoton 'yar nan da shekara huɗu. Sai dai ka sani da yawa daga cikin karsanan gasa dashe ne, saniyar da ta goye su ta shayar da su ba ita ce uwarsu ta jini ba, to ka tambaya wace ce ainihin uwar, in tana nan a kai ka, in ba ta nan a nuna maka yayyenta.

Hali ma abin dubawa ne. Shorthorn an san su da sanyin hali amma ba duka ba. Bari yaron ya shiga garken tare da kai ku tsaya shiru, wadda ta ɗaga kai sama ta kafa kunne ta koma lungu tana neman hanyar tsallake shinge ba ta yaro ba ce komai kyanta. Wadda ta matso tana shinshina rigarsa, wannan za a shirya. Tambayi mai garke ko an fara saba mata da ragama.

Shi kansa mai garken kana auna shi duk wannan lokacin. Faɗa masa gaskiyar kuɗinka da gasar da kuke nufi, ka ce wacce zai ba ka shawara. Mutumin kirki zai nuna maka wadda ta dace da aljihunka har ya gaya maka aibinta da bakinsa. Tambaye shi ko yana leƙa masu saye bayan ciniki, ko zai zo ya taya ku askin gashi ranar gasa, ko zai ba da shawarar bijimi. Dalilin da ya sa na ce a nemi na kusa kenan, karsanarmu ta biyu ba ta kai wasu kyau a hoto ba amma mai ita tafiyar awa ɗaya ce tsakaninmu, sau uku yana zuwa ya duba ta ya ce a rage wannan a ƙara wancan, kuma abin da yarinyar ta koya a wajensa ba ta same shi a ko'ina ba. In ba ka yarda da idonka ba ka tafi da wanda ya sani, amma ka tambaye shi ƙarara ko yana da la'ada a wajen mai sayarwa, don dillalai suna nan a can ma.

Kafin ka kwanta daren gwanjo, jera zaɓinka na ɗaya na biyu na uku, ka rubuta iyakar kuɗin kowacce a jikin katalog da biro. Zafin gwanjo tsohon ciwo ne a wannan irin. A 1810 aka sayar da bijimin Charles Colling mai suna Comet kan gini 1,000, tsohon kuɗin Ingila, a 1873 kuma a garin New York Mills na Amurka aka buga wata saniya 'yar dangin Duchess kan dala 40,600, kuɗin wancan zamanin fa, ba ta jima ba ta haifi ɗa matacce ita ma ta bi shi. Masu kuɗin da suka fi ka sun hau wannan dokin ya kayar da su.

Ranar gwanjo ka je da wuri, awa biyu ko uku kafin a fara. Je teburin akawu ka ba da suna da adireshi da katin shaida a ba ka lambar mai saye, ka karɓi takardar jerin shigowa don ba lallai a bi lambobin katalog ba, da takardar gyare-gyare in akwai. Sake zagaya karsananka, yau za ka gan su cikin kwalliya, ka tuna yadda ka gan su ranar da ba kwalliya. Zauna inda ɗaya daga cikin masu karɓar tayi da ke tsaye bakin fili zai gan ka sosai, ka gaya masa lambar da kake so tun kafin ta shigo, zai riƙa waiwayarka. Kar ka yi tayi a biyu ukun farko, saurara kunnenka ya saba, don lambar da mai gwanjo ke ta maimaitawa yawanci wadda yake nema ce, ba wadda aka riga aka bayar ba. In ka rikice tambayi mai karɓar tayin nawa ake kuma a hannun wa take, aikinsa ne ya faɗa maka, mutane kan ƙara wa kansu kuɗi a kan tayinsu saboda kunyar tambaya. In taka ta shigo bari wasu su buɗe, ka shiga in ta fara lafawa, ɗaga katalog ko gyaɗa kai ya isa. Za ka iya neman a raba ƙarin biyu, in ana neman ƙarin 500 ka yi alama da hannu a kwance ka ba da 250. Ta kai lambar da ka rubuta, girgiza kai ka rufe littafin, akwai ta biyu tana zuwa.

Wani lokaci za a shigo da biyu tare a ce zaɓi, wanda ya ci ya ɗauki wadda yake so, ko ya ɗauki duka biyun ya ninka kuɗin, sai ka saurara da kyau. Kuma a matsayinka na musulmi gwanjo halal ne, abin da aka hana shi ne najashi, wato ka yi tayi ba da niyyar saye ba don kawai ka ɗaga wa wani farashi, ko da abokinka ne mai garken ya roƙe ka kar ka yi.

Yanzu da yawa a intanet ake yin gwanjon, a buɗe kwana ɗaya ko biyu a rufe da yamma. Yadda rufewar take, in wani ya yi tayi a mintunan ƙarshe sai agogo ya ƙara wasu mintuna, haka za a yi ta ja har sai kowa ya yi shiru, wani lokaci har tsakar dare. Yi rajista tun da rana, ka tabbata netiwok ɗinka na da ƙarfi, in akwai wajen sa iyakar kuɗinka na'ura ta riƙa yi maka tayi to sa ka ajiye wayar. Amma zuwa gani da ido yana nan daram, ko a intanet za a sayar.

An buga maka, to kar ka tashi sai ka gama abu huɗu. Biya a teburin akawu ka karɓi rasit. Yi mata inshora nan take, yawanci akwai wakili a wajen, don hanya da sauyin wuri su ne lokacin da aka fi asara. Ba da sunan da za a juya rajista zuwa gare shi, sunan yaron ne ba naka ba in gasar yara za a shiga, kuma sai ya zama ɗan ƙungiyar masu Shorthorn, ka rubuta harafi-harafi don sunayenmu suna ba su wahala. Sannan ka kama kunnenta da tocila ka karanta zanen da ke ciki ka gwada da na takarda, in ba su zo ɗaya ba a gyara tun a nan, don a bakin gasa za a duba kuma za a iya mayar da ku gida a kan harafi ɗaya.

In za ta tsallaka jiha sai da takardar lafiya daga likitan dabbobi, wadda galibi kwana 30 take aiki, da ɗan kunnen hukuma mai lamba da ta fara da 840, wanda tun Nuwamba 2024 ake buƙatar ya zama mai karantuwa da na'ura ga shanun gasa masu ƙetare jiha. Karɓi jerin alluran da aka yi mata da ranakunsu, da maganin tsutsa, ka tambaya ko an yi mata rigakafin bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, wanda ake yi wa 'yan wata 4 zuwa 12, da gwajin BVD, wata cutar zawon shanu mai yaɗuwa. Ka roƙi buhu biyu na abincin da take ci ko sunansa da awon da ake ba ta.

A mota kar a ɗaure ta gajere, a zuba shimfiɗa mai kauri, in akwai wata dabbar da za ta raka ta ya fi. Da kun isa gida ware ta daga sauran dabbobi sati uku zuwa huɗu amma inda za ta riƙa hango su, saniya ba ta son kaɗaici. Ranar farko busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta kawai, washegari ka fara da rabin awon da ta saba, ka riƙa ƙarawa har ta kai kamar kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyinta a rana, wato mai laba 600 za ta ci laba 12 zuwa 15, a raba safe da yamma a lokaci ɗaya kullum. In za ka sauya abinci ka surka tsoho da sabo na kwana bakwai zuwa goma, sauyin gaggawa na kawo kumburin ciki da zawo. Sati biyun farko kullum ka duba ta da safe, in ta bar abinci ta saukar da kunne tana tari ko majina, auna zafinta, ya haura 39.5 a ma'aunin Salsiyas kira likita ranar, ciwon huhun hanya ba ya jira.

Sai bayan ta saki jiki, kamar kwana huɗu ko biyar, yaron ya fara zama kusa da ita yana shafa ta da buroshi, sannan ragama, sannan ɗauri na ɗan lokaci yana tsaye a wajen, sannan ja zuwa wajen ruwa don ta haɗa tafiya da abin da take so. Wanka da busar da gashi zuwa gaba kullum su biyo baya, kofato kuma a gyara kamar wata ɗaya kafin gasa ba ana gobe ba. Ka kuma buɗe kalanda ka ƙirga ranar da za ta cika wata 14 zuwa 15, lokacin barbararta kenan don ta haihu tana shekara biyu, cikin yana ɗaukar kwana 283 ko kusa da haka. Tun kafin lokacin ka kira mai garken ku zaɓi bijimi mai sauƙin haihuwa, ka ɗauko takardarta ka sake duba haruffan nan na TH da PHA da DS ka gwada da nasa kafin ka biya kuɗin maniyyin.